Yadda Ake Fita Kallon Tsuntsaye Masu Ƙaura a Dajin Amurum da Tafkunan Jos

Tambayar da masu karatu suka fi aiko wa tun shigowar kaka ita ce ta inda mutum zai fara idan yana son ganin tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai, da abin da zai riƙe, da kuma kuɗin da zai kashe. Mazaunin Jos ya yi dace a wannan fanni, domin dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas bai wuce kimanin kilomita 15 daga gari ba, kuma an samu fiye da nau'in tsuntsaye 300 a cikinsa, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari da madatsun ruwa a kewayen birni. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne yawancin waɗannan baƙi ƙanana ne, launinsu ba ya ɗaukar ido, kuma ba su cika waƙa a nan ba, saboda haka wanda bai san tsuntsayen gida ba zai wuce su bai sani ba.

1. Zaɓar lokaci

Baƙin Turai suna fara isowa tudun Jos a watan Satumba zuwa Oktoba, suna cin hunturu a nan, sannan su kama hanyar komawa a Maris da Afrilu. Wanda yake son fita sau ɗaya kawai ya zaɓi tsakanin tsakiyar Oktoba da ƙarshen Nuwamba, domin a lokacin ruwan sama ya ɗauke, baƙi sun sauka, ciyawa ba ta gama bushewa ba, kuma ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba na gida suna sanye da gashinsu mai launi na lokacin yin ƙwai, wanda ke sauƙaƙa gane su. Disamba da Janairu sun fi dacewa da tsuntsayen ruwa, saboda ƙananan kududdufai sun ƙafe, tsuntsaye sun taru a manyan tafkuna, amma hazo yana dusashe launi idan abin da ake kallo yana da nisa. Afrilu yana da nasa armashi: baƙi suna cin 'ya'yan itatuwa ba ƙaƙƙautawa domin su tara kitsen da zai ƙetarar da su Sahara, a daidai lokacin da shamuwa ke isowa daga kudancin Afirka tana shelar damina.

Game da sa'a kuwa, awa uku na farko bayan fitowar rana su ne kasuwar. A hunturu gari yana wayewa a Jos wajen ƙarfe shida da rabi, don haka a yi sallar asuba a kama hanya. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su tsaya karin kumallo su isa daji da hantsi, su tarar da shi shiru, su dawo suna cewa babu komai a wurin.

2. Neman izini da samun ɗan jagora

Amurum ba wurin shaƙatawa ba ne da ake sayen tikiti a ƙofa a shiga. Daji ne da ake karewa, ƙasar mutanen Laminga ce, kuma a cikinsa ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, take aiki tare da Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. Ɗalibai da masu bincike suna da ragogi da alamomi a wurare daban-daban a cikin dajin. Ya kamata a tuntuɓi cibiyar kwanaki kafin ranar da aka tsayar, a faɗi yawan masu zuwa da sa'ar isowa, a tambayi ko akwai abin da ake biya, a kuma roƙi a haɗa ku da wanda ya san dajin. Fita ɗaya tare da mutumin da ke gane tsuntsu da kukansa ta fi fita da yawa kai kaɗai da littafi, kuma kuɗin da za a ba shi, a ganina, shi ne mafi amfani cikin duk abin da za a kashe a wannan rana.

Madatsun ruwa irin na Lamingo suna ƙarƙashin hukumar ruwa, kuma akwai masu gadi, sai a gabatar da kai kafin a fito da madubin hangen nesa. Tafkunan kuza da yawa kuma suna kewaye da lambunan masu noman rani. A yi sallama, a gaida mai lambu, a faɗa masa abin da ya kawo ku. Idan wurin cikin ƙauye ne, a fara da gidan mai unguwa. Gargaɗi a nan: mutumin da ba a sani ba yana leƙen nesa da madubi yana rubutu a takarda abu ne da ke tayar da hankalin jama'a a jihar da ta sha fama da rikici. Kada a ɗaga madubi ko kyamara kusa da shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko filin jirgin sama, a riƙe katin shaida, kuma a tambayi halin da hanya take ciki a daren da za a wayi gari a tafi.

3. Madubin hangen nesa da sauran kaya

Madubi shi ne kaya mafi tsada, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗi. A jikin kowane madubi akwai lambobi biyu. Idan an ga 8x42, ma'anarsa yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Wannan shi ne ya fi dacewa da daji, domin yana shigar da haske sosai a ƙarƙashin inuwa, yana nuna fili mai faɗi, kuma rawar hannu ba ta dame shi. Mai 10x42 ya fi kyau a bakin tafki inda tsuntsaye ke da nisa, amma ya fi wahalar kama ƙaramin tsuntsu mai tsalle cikin ganye. A guji waɗanda aka rubuta wa manyan lambobi na burga, da masu jan gilashi mai ƙyalli, da masu maɓallin ƙara girma, domin yawancinsu hotonsu duhu ne kuma suna saurin lalacewa.

Farashi yana bin canjin dala, don haka a kewaya a tambaya. Ana samun na gwanjo masu kyau jefi-jefi a kasuwannin gari, sai dai a gwada kafin a biya. A fita da shi waje, a kalli wayar lantarki ko kan rufin wani gini mai nisa, sannan a janye madubin kaɗan daga ido: idan layin ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to an taɓa yar da shi kuma zai sa ciwon kai cikin minti goma. A juya shi a leƙa ta gilashin gaba, a duba ko akwai hazo ko zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, wanda alama ce ta funfuna. Wanda bai tabbatar zai ci gaba da wannan harka ba ya fara da aro, ko ya bi ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da ke fita a ƙarshen mako, inda akan samu wanda zai miƙa masa nasa.

Bayan madubi sai littafin gane tsuntsaye. Wanda aka fi amfani da shi a wannan yanki shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, mai zane da taswirar inda ake samun kowane nau'i. Manhajojin waya na gane tsuntsaye da rubuta waɗanda aka gani, irin su Merlin da eBird da BirdLasser, kyauta ne, amma a sauke abin da ake bukata tun a gida, domin sabis yana yankewa a cikin kwari. Sai ƙaramin littafin rubutu da fensir, da ruwan sha, da ɗan abin taɓawa.

Tufafi su zama masu launin ƙasa, ko toka, ko kore mai duhu. Farar riga ana hango ta daga nesa, babbar riga kuma ƙaya za ta kama. Sanyin asubar Jos a Disamba yana iya sauka kusa da digiri 10, don haka a sa rigar sanyi da za a iya cirewa idan rana ta ɗaga. Takalmi ya zama rufaffe mai kama dutse, da dogon wando. Silifa ba ta da wuri a wannan tafiya.

4. Daidaita madubi kafin a bar gida

Idanun mutum biyu ba safai ƙarfinsu ke zama ɗaya ba, shi ya sa ake daidaita madubi sau ɗaya ga mai shi. Da farko a lanƙwasa ɓangarorin biyu har hoton ya zama da'ira guda. Sannan a rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, a kalli rubutun wani allo mai nisa, a murza dabarar tsakiya har ya fito sarai. Daga nan a rufe na hagu, a bar dabarar tsakiya yadda take, a murza zoben da ke bakin idon dama har rubutun ya sake fitowa. Mai sa tabarau ya danne robar bakin ido ƙasa, wanda ba ya sawa ya ɗago ta.

Akwai wani horo da ya kamata a yi a tsakar gida kafin a je daji: a kafa ido a kan kurciya ko gwara, sannan a ɗago madubin zuwa ido ba tare da an kau da kallo ba. Sabon shiga yakan sunkuyar da kai ya nemi madubi, ya ɗago yana lalube cikin ganye, kafin ya samu reshen tsuntsu ya tashi. Kada a taɓa kallon rana ta cikin madubi ko da na ƙiftawa ne, kuma a ja kunnen yara a kan wannan.

5. Tafiya a cikin Amurum

Dajin yana da fuska uku, kuma kowace da tsuntsayenta: kurmi mai dogayen itatuwa da ke bin rafuka, da tarin duwatsu masu ƙananan itatuwa a tsakaninsu, da fili mai ciyawa da sarƙaƙiya wanda ke haɗewa da gonaki a gefe. Tsarin da ya fi ba da sakamako shi ne a fara da bakin gona da fili tun rana ba ta yi zafi ba, a hau gefen duwatsu idan hasken safiya ya bugi fuskarsu, a ƙare da kurmi, inda inuwa ke sa tsuntsaye su ci gaba da motsi har hantsi. A yi ƙoƙari rana ta kasance a bayanka, domin tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙi kawai za ka gani.

A yi tafiya a hankali, a tsaya kowane 'yan taku, a yi magana ƙasa-ƙasa. Idan an sami itace mai 'ya'ya, kamar ɓaure da ya nuna, ko wani ɗan gurbin ruwa a kan dutse, a nemi wuri a zauna minti ashirin. Tsuntsayen da zuwanku ya kora za su dawo, kuma abin da za a gani a zaune yakan fi na tafiyar kilomita. Ba a nuna tsuntsu da miƙa hannu. A faɗa wa abokin tafiya itacen, da reshen, da ɓangaren da yake.

A bakin gona ne ake samun baƙon da ya fi sauƙin ganewa, wanda littafi ke kira Whinchat. Girmansa kamar gwara, bayansa ruwan ƙasa mai zane-zane, ƙirjinsa ruwan goro mai haske, yana da farin layi a saman ido, kuma yana son tsayawa a kan karan masara ko ƙolin ƙaramin itace, ya diro ƙasa ya cafki ƙwaro ya koma. Binciken da aka yi a kewayen Amurum ta hanyar sa masa zobe mai launi ya nuna cewa wanda ya rayu yakan dawo ɗan filin da ya ci hunturun bara, bayan ya je Turai ya yi ƙwai. A cikin sarƙaƙiya akwai Whitethroat, mai farin maƙogwaro da fiffike ruwan tsatsa. A saman itatuwa akwai Willow Warbler, wanda nauyinsa bai cika wuce giram 10 ba, launinsa kore-kore mai ɗan rawaya, ba ya zama wuri ɗaya. A gefen kurmi kuma akwai Pied Flycatcher, wanda duk da zanen baƙi da fari da za a gani a littafi, a nan ruwan ƙasa yake da farin tabo a fiffike, yana yawan ɗaga fiffike ɗaya idan ya sauka. Wannan shi ne babban tarkon littafi: baƙi da dama suna zuwa mana da gashin hunturu, saboda haka a duba zanen da aka rubuta wa na lokacin da ba sa yin ƙwai.

A gefen duwatsu ake neman abin da ke kawo masana daga ƙasashen waje, wato Rock Firefinch, wadda sai a 1998 aka bayyana ta a kimiyyance daga nan tudun Jos. 'Yar'uwar baiwar Allah ce da muke gani a tsakar gida, kuma a nan sababbi ke ruɗewa. Abin da za a duba shi ne baki: na baiwar Allah ja ne, na wannan kuwa shuɗi-shuɗi ne mai toka, namijin kuma bayansa ja ne, kansa yana da toka. Tare da ita akwai Jos Plateau Indigobird, ƙaramin baƙin tsuntsu mai ƙyalli da farin baki, wanda macensa ke zuba ƙwai a sheƙar waccan ta rene mata. Namijin yana kwaikwayon waƙar wadda ta rene shi, kuma da wannan waƙa ake tabbatar da shi, domin yana da 'yan'uwa masu kama da shi ƙwarai. Kada sabon shiga ya rubuta cewa ya gan shi sai ɗan jagora ya ji waƙar ya amince.

Gargaɗi biyu ga wannan mataki. Na farko, maciji: kasa da kububuwa da kumurci duk suna zaune a irin wannan ƙasa, don haka kada a sa hannu a kogon dutse ko a taka inda ido bai gani ba, kuma kada a yi tafiya madubi yana kan ido. Idan tsautsayi ya faɗa, a kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. Na biyu, idan an ci karo da siririyar raga da tsuntsu a ciki, ta masu bincike ce kuma suna kusa. Kada a yi ƙoƙarin kwance shi, domin hannun da bai saba ba yana karya ƙafa ko fiffike.

6. A bakin ruwa

Ana iya yin wannan da yammacin ranar, daga la'asar zuwa kafin magariba, ko a ware masa wata safiya. A tunkari tafki ta bayan wani itace ko tudu, kada a fito tsaye a kan gaɓa inda sararin sama ke bayanka. A fara share ruwan da madubi daga wannan gefe zuwa wancan, sannan bakin laka, sannan ciyawar gefe.

'Yan gida za su fara bayyana: balbela, zalɓe, kirinjijiya masu farar fuska da ke tashi suna fito, da wani mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado. Baƙin suna bakin laka. Wanda aka fi gani shi ne Common Sandpiper, ƙarami mai farin ciki wanda ke kaɗa gindinsa sama da ƙasa ba fasawa, idan ya tashi kuma ya bi daf da ruwa da fiffike a sandare. Wood Sandpiper ya fi shi dogayen ƙafafu, masu ɗan rawaya, bayansa da ɗige-ɗige. A cikin lambuna da bayan shanu za a ga Yellow Wagtail mai rawayan ciki da doguwar wutsiya.

Tafkunan kuza ramuka ne da aka haƙa, gefensu a tsaye yake, ƙasarsu tana zaftarewa, kuma sun ci rayuka da dama. A tsaya nesa da baki, kada a shiga ruwa don neman kusanci ko hoto. Ban da nutsewa, ruwan da ba ya gudu yana iya ɗauke da tsargiya. Idan an ga mataccen tsuntsun ruwa, musamman fiye da ɗaya, kada a taɓa, a sanar da jami'an kula da lafiyar dabbobi, saboda murar tsuntsaye. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom. Mai kiwon kaji ya wanke takalminsa kafin ya shiga akurki.

7. Rubuta abin da aka gani

A rubuta kafin a buɗe littafi. Wanda ya fara da littafi yakan ga abin da zane ya nuna masa maimakon abin da ke kan reshe. A bi wannan jeri: girma idan an kwatanta da gwara, kurciya ko hankaka, siffar baki, launin ƙafa, alama a kai, fiffike da wutsiya, inda yake da abin da yake yi. A sa kwanan wata, sa'a da sunan wuri. Idan bayan an duba littafi har yanzu ana shakka, a bar shi babu suna, a tura bayanin ko hoton ga waɗanda suka fi sani. Manhajar da ke sauraron kuka tana yawan kuskure a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, don haka abin da ta faɗa shawara ce da ke bukatar ido ya tabbatar.

Wanda yake son rubutunsa ya yi amfani zai iya shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta tun 2015. An raba ƙasar zuwa murabba'ai masu faɗin kimanin kilomita 9, ana buƙatar mutum ya yi aƙalla awa biyu yana lissafa duk nau'in da ya gane a cikin murabba'i ɗaya, ya tura ta BirdLasser. Idan an ga tsuntsu mai zobe a ƙafa, a rubuta launukan da jerinsu da ƙafar da suke, a kai wa cibiyar.

Kada a kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, kada a kusanci sheƙa, kada a kori garke don a ɗauki hotonsa a sama. Baƙon da ke tara kitse don ƙetare hamada, duk tashin da aka tilasta masa yana rage masa guzuri.

8. Lissafin kuɗi da tafiya mai nisa

Ban da madubi da littafi, waɗanda sau ɗaya ake saya, kuɗin fita ɗaya bai wuce na mota, da na ɗan jagora, da abin da cibiya ta ce a biya idan akwai ba. Samun abin hawa zuwa Laminga da asuba ba tabbas ba ne, don haka a yi shata tun jiya, a kuma yi ciniki har da jira da dawowa. Mutum huɗu idan suka raba kuɗin ya yi sauƙi, kuma ƙungiyar da ta wuce shida tana da hayaniya.

Wanda ya ƙware a kusa da gida yana iya nufar tafkin Pandam a ƙaramar hukumar Qua'an Pan, kudancin jihar, inda kurmi da ruwa suka haɗu, ko dausayin Haɗejiya da Nguru da tafkin Dagona a Yobe, inda agwagin Turai ke taruwa dubbai a Disamba da Janairu. Waɗannan suna buƙatar kwana, da izinin hukumar da ke kula da wurin, da kuɗin kwalekwale, da rigar kariya daga nutsewa. Bayan kowace fita a hunturu, a fara hure ƙurar da ke kan gilashin madubi ko a kakkaɓe ta da buroshi mai laushi kafin a goge da ƙyallen tabarau, domin goge ta a bushe da gefen riga yana karce gilashin, sannan a ajiye shi a buɗaɗɗen wuri marar danshi.